Ramuka biyar na ƙarshe: me ke samun jikinku a ranar gasa?

Sakataren gasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ɗora mini tattara katunan gasar golf ɗinmu ta wata-wata nake lura da wani abu. Mutum zai gama ramuka tara na farko da maki 19 ko 20, ka ce kofi nasa ne, amma daga rami na 14 sai ka ga sifili, ɗaya, sifili. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba. In na tambaya, wannan ya ce hannu ne ya ƙi, wancan ya ce iska ce ta juya. Ni dai ƙafa nake zargi. Zagaya rami 18 a ƙasa tafiyar kilomita takwas zuwa goma ce, awa huɗu ko fiye mutum na tsaye, alhali yawancinmu a kan kujera muke ƙare mako. Ga gasar zakaran ƙungiya na tafe, rami 36 a kwana biyu, kuma can ba tsarin tara maki na Stableford da muke bi a gasar wata-wata ba ne, kowane bugu sai an ƙirga. Don Allah kowa ya faɗi abin da yake ji a jikinsa a waɗannan ramuka, da abin da ya gwada.

Mai amalanke:
Malam Sakatare, katina kake karantawa ke nan. Ni ba na ma jin gajiyar, sanda ce ke gaya mini. A rami na 15 zan tsaya yadda na saba, in ɗaga, sai kan sandar ya sari ƙasa tun kafin ya kai ga ƙwallo. Ɓangaren ciyawa ya tashi sama, ƙwallo kuma ta mirgina taku talatin ta tsaya tana kallona. Wani mai koyarwa ya duba ni ya ce idan cinya ta gaji, nauyin jiki ba ya komawa kan ƙafar gaba, sai ya maƙale a ta baya, shi ya sa sanda ke sauka da wuri.

A da a kafaɗa nake ɗaukar jaka. Sanda 14, ga ruwa, ga laima, ga ƙwallaye, ta haura kilo goma, kuma kowane bugu sai ka sauke ka sake ɗauka. Da na koma amalanken jaka abin ya ragu sosai. Amma a nemi wanda ake turawa gaba da hannu biyu. Wanda ake ja a baya da hannu ɗaya yana murɗa kafaɗa.

Dattijon ƙungiya:
Yara, ku bar ɗora wa ƙafa laifin kai. Na haura saba'in, kuma makina na ramuka tara na ƙarshe bai cika bambanta da na tara na farko ba. Abin da ke kashe ku lissafi ne. Da mutum ya ga yana da maki 30 a rami na 14, sai ya fara raba kofi a zuci, ya damƙe sanda, numfashi ya sauya. A 2009 Tom Watson yana da shekara 59 ya zo ramin ƙarshe na gasar Open a Turnberry yana kan gaba, sai a bugun raba gardama Stewart Cink ya doke shi. Samari nawa ya bari a baya?

Sannan ba ku cin moriyar tsarin da kuke bugawa. Frank Stableford likita ne, kuma an fara gasa da tsarinsa a 1932 a Wallasey ta Ingila, don kada rami ɗaya ya ɓata wa mutum yini. In ka yi bugun ƙa'idar rami, wato adadin bugun da aka ƙayyade masa, kana da maki biyu, ka ƙara ɗaya maki ɗaya, ka ƙara biyu ba ka da komai, duk bayan an cire handikaf ɗinka, wato rangwamen bugu da ake ba ka gwargwadon iyawarka. To, tunda maki ya riga ya tafi, me kake nema a ramin yashi kana sara har sau uku? Ɗauki ƙwallonka ka sa a aljihu. Ni haka nake tara ƙarfina.

Likitar gashin ƙashi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma misalin naka ni ya taimaka wa. Watson ɗin nan sai da aka sauya masa ƙashin kwankwaso, wato mahaɗar cinya, a 2008, ya yi jinya ya gyara jiki, sannan ya yi abin da ya yi. Kuma kai kullum da sassafe kana tafiyar ƙasa, kowa ya sani, kada ka ɓoye wa yara sirrin.

Kai da jiki ba a raba su. In ruwa ya ragu a jiki, tsoka ta gaji, hukunci ma lalacewa yake: mutum ya zaɓi sandar da ba ita ba, ko ya ƙi tsugunawa ya duba gangaren ƙasa don gwiwa ta ƙi.

Nawa ciwon a ƙugu yake zuwa, wato ƙasan gadon baya, kuma shi ne ciwon da ya fi damun masu golf na sha'awa. Ga dalili. Bugu ɗaya bai kai daƙiƙa biyu ba, kuma jiki murɗawa yake da ƙarfi, kullum ta ɓangare ɗaya. Wuraren da aka halitta don juyawa su ne kwankwaso da saman gadon baya, wajen haƙarƙari. Ƙasusuwan ƙugu ba sa juyawa sai kaɗan. Zaman ofis da mota yana sandarar da kwankwaso, sai ƙugu ya ari aikin da ba nasa ba. A ramukan farko tsokar ciki da ta ɗuwawu suna kare shi. Da sun gaji, shi ke nan.

Abin da nake yi ba ya buƙatar ɗakin motsa jiki. Tsugunawa da tashi daga bakin kujera ba tare da dafa hannu ba. Kwanciya rigingine, in lanƙwasa gwiwa in ɗaga ƙugu sama. Sai in ɗora sanda a kafaɗa ina zaune, in juya dama da hagu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Golf na cika na farkon in kana tafiya a ƙasa. Na biyun ne ba ya yi maka. Wanda kuma ciwon ke sauko masa ƙafa da tsami ko mutuwar jiki, ya je a duba shi kafin ya gwada wani atisaye.

Ɗan auta:
Anti likita, ni matsalata daban ce. Ƙafa lafiya lau, ina ɗaga ƙarfe, ina gudu. Gwiwar hannuna ta hagu ce, ta waje, take zafi daga wajen rami na 12, har in kasa riƙe sanda da kyau. Kafin gasa nakan je wurin atisaye in buga ƙwallaye kwando guda a kan tabarmar roba. Shin wannan ne ciwon da ake cewa na 'yan golf?

Likitar gashin ƙashi:
Ƙanena, wanda ake laƙaba wa 'yan golf ta ciki yake kamawa. Na waje shi ake danganta wa 'yan tanis, amma yana yawan samun masu golf a hannun gaba, wato na hagu ga mai bugu da dama. Tabarmar nan a kan siminti take, ba ta lotsawa kamar ciyawa, duk dukan a jijiya yake ƙarewa. Kwando guda kafin gasa ba ɗumama jiki ba ne, rabin gasar ka buga. Minti goma ya isa: ka ɗan taka da sauri, ka juya kafaɗa da kwankwaso, ka fara da gajeriyar sanda, babbar ta zo ƙarshe. Ka duba robar mariƙin sandunanka ma, in ta yi sulɓi dole ka matse fiye da kima. Kuma ƙarfi ba ya hana rauni. Tiger Woods ya yi suna wajen ɗaga ƙarfe, amma sai da aka haɗe masa ƙasusuwan ƙugu a 2017 kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019.

Malama mai fitowar safe:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo: jira. Ni tafiya ba ta gajiyar da ni, tsayuwa ce. In muka fita a rukunin farko, muna tafiya ba tangarɗa, lafiya nake gamawa. Ranar da aka sa ni a tsakiya, mu iso wurin bugun farko na rami na 16 mu tarar da rukuni biyu a gabanmu, minti goma sha biyar ina jingine da jaka. Jiki ya huce, baya ya ɗaure, bugun da zan yi sai a hankali. Tun 2019 doka ta rage neman ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, ta kuma ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40. Amma har yau akwai masu shiga daji su huɗu suna tona ganye kamar sun yar da zobe. Malam Sakatare, wannan a hannunka yake. Ni dai yanzu in jira ya yi tsawo ba na tsayawa wuri ɗaya, kuma ina kurɓar ruwa a kowane rami ba sai ƙishi ya zo ba.

Mai gwiwar ƙarfe:
Ina karantawa tun ɗazu na yi shiru. Tun da aka yi mini aikin gwiwa, rami tara nake iya takawa, na goma kumburi ne. A gasar wata-wata kuna bari na shiga ƙaramar motar fili, amma an ce a gasar zakara sai ƙafa. Shekaru ina cikin ƙungiyar nan, yanzu kallo zan koma yi?

Mai amalanke:
Yaya, ba don na ƙi ka ba, amma duk zancen nan ya nuna gajiya ma cikin gasar take. In ni na iso rami na 34 da ƙafa, kai ka iso a zaune, ba wasa ɗaya muka buga ba.

Dattijon ƙungiya:
Wannan gardama ta girme ku. Casey Martin, mai lalurar jijiyoyin jini a ƙafa, har Kotun Ƙolin Amurka ya kai ta, kuma a 2001 alƙalai bakwai cikin tara suka ce a bar shi ya hau mota a gasar ƙwararru. In ƙwararru sun haƙura, mu da kofinmu bai fi tulun shayi ba fa? Wanda ke jin zafi a kowane taku bai fi ka hutawa ba, ɗana.

Sakataren gasa:
Na gode ƙwarai. Maganar mota zan kai wa kwamiti a zama mai zuwa, ra'ayina kuma a bari ga duk mai takardar likita. Maganar Malama na karɓa: za a ƙara tazara tsakanin rukunoni, kuma duk rukunin da ya bar rami guda fanko a gabansa ya ba na baya hanya. Likita, za ki iya zuwa da wuri ranar gasa ki nuna mana ɗumama jikin nan a gefen rami na farko?

Likitar gashin ƙashi:
In sha Allah zan zo, rabin awa kafin rukunin farko. Baba, har da kai. Ɗan auta kuma ya bar kwandon nan a inda ya gan shi.