“Ajin masu ƙwaƙwalwa”: kalmar da ta hargitsa zauren tsoffin ɗalibai

Ɗan Birni: Jama'a, raina a ɓace yake. Ƙanwata tana tarminal C, ajin ƙarshe na fannin lissafi da fizik, a wani lise nan Damagaram. Mushen (malamin) lissafinsu ya tafi tun hutun Disamba, har yau ba a turo wani ba. Ga bak, jarrabawar gama lise, ta matso, ba su taɓa entegral ba, darasin lambobin kwamfileks kuwa shafi biyu ne kacal a kayenta. Jiya da dare na iske ta ta cika bangon zaure da alli, tana fama da logaritim da fitilar waya. Jika goma nake biya duk wata na kur, wato ƙarin darasi. Haka za a wulaƙanta ajin masu ƙwaƙwalwa?

Uwar Biyu: Masu ƙwaƙwalwa? To mu da muka yi A, fannin adabi, fura ce a kanmu?

Ɗan Birni: Yaya, ba haka nake nufi ba.

Uwar Biyu: Haka ka rubuta dai, ƙanena.

Injiniya: Gaskiya ɗaci gare ta. Daga segwand C ake tace mutane, masu ƙarfin lissafi su wuce faramiyar C, saura su gangara D, fannin ilimin halittu. Mu a ajinmu ko benci biyar ba mu cika ba, ƴan A kuwa har ƙofa.

Likitan Zango: “Su gangara”? Gyara bakinka, aboki. Ranar da ciki ya murɗe ka, wurin ɗan D za a kai ka. Mu ma mun yi logaritim da furobabilite, muka ɗora da ilimin halittu.

Uwar Biyu: Ku ƴan C da kuka ƙirƙiro lambar da ba ta nan, i ta lambobin kwamfileks! Wai i sau i ya ba da -1. Je ka kasuwar Dole ka auno min gero tiya i.

Mushe Mai Ritaya: Ƴata, wannan lambar ce masu aikin lantarki suke lissafa wutar da ke juyawa da ita. An kawo ta ne don x² + 1 = 0 ba ta da amsa cikin lambobin da muka saba. Amma yarinyar nan fa? Wa ke da tsoffin jarrabawar bak a kai mata?

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, bari in gama da wannan. Injiniya, jami'ar garinmu sunan wa gare ta? André Salifou. Masanin tarihi ne, shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991.

Injiniya: Ta Yamai fa? Abdou Moumouni, masanin fizik, mai binciken hasken rana. Wacce ce uwa, wacce ce ƴa?

Ɗan Birni: A'a, a nan kam ban bi ka ba. Kar ka zo mana da Yamai. Damagaram ce babban birni kafin Nasara su ɗauke shi a 1926.

Injiniya: Kai da nake tare wa faɗa?

Likitan Zango: Ai Abdou Moumounin ma a Tasawa aka haife shi.

Mushe Mai Ritaya: Tsoffin jarrabawar dai, ƴaƴana.

Ɗan Birni: Injiniya tun da ya samu aiki a Yamai ko gaisuwar sallah ba ya zuwa.

Injiniya: Ka biya ni jika biyar ɗina tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: an taru an yarda cewa kalmar “masu ƙwaƙwalwa” cin fuska ce, kuma ƴan C sun kasa nuna amfanin i a kasuwa. Maganar jami'a, Uwar Biyu ce ta kawo hujja mai ƙarfi. Ni ma A na yi, amma ba don haka na faɗa ba. Batun bashi a bi shi ta akwatin sirri. Na rufe zaure sai da safe.