Kare mai igiya a wuya ma ya karya dokar lambu?

Maman 'yan biyu: Salamu alaikum jama'a. Jiya da yamma na kai yara lilo a lambun unguwa, sai ga wani bawan Allah da ƙaton kare, ya bi ta ƙarƙashin allon nan da ya ce ba a shigowa da kare kamar ba da shi ake ba. Ƙaramar ta ƙanƙame ni tana ihu, dole muka koma gida. Na ɗauki hotonsa. Shawarata, duk wanda aka gani a saka hotonsa a zauren nan. Kunya ce kaɗai maganinsu.

Mai kare: Hajiya, ni ne bawan Allahn, ki adana hotonki. Karena yana ɗaure a hannuna, an yi masa riga-kafi, ga leda a aljihuna ta kwashe kashi. Wa ya cuta? Don masu sakin kare ya yi ta zarya aka kafa dokar. Kare mai igiya ba ya cutar kowa.

Malamin makaranta: Ɗan'uwa, allon bai ce "kare marar igiya" ba, kare ya ce. In kowa zai yi wa doka tafsiri daidai da karensa, gara a cire allon a huta.

Likitan dabbobi: Bari in sa baki, don aikina ne. Igiya tana rage cizo, ba ta hana tsuguno. Akwai tsutsar cikin kare da ake kira Toxocara. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi, su yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin su nuna, daga nan suna iya yin watanni, har shekaru, ba su mutu ba. Yaro ya yi wasa da yashi, ya kai hannu baki, shi ke nan. Yawanci ba a ma gane an ɗauka, amma wani lokaci tsutsar takan kai ido ta taɓa gani. Malam mai kare yana da gaskiya ta wani gefe: in an kwashe kashin nan take, an rage haɗarin sosai tunda ƙwan bai nuna ba. Sai dai leda ba ta kwashe gudawa daga cikin ciyawa. Fitsarin kuma shi ke ƙona ciyawar, waɗannan tabo-tabon ruwan ƙasa da kuke gani kusa da ƙofa.

Mai kare: To Likita, kyanwoyin da ke tona yashin da dare fa? Su wa ya rubuta musu allo?

Likitan dabbobi: Ka kama ni a nan, su ma suna da irin tasu tsutsar. Amma kyanwa da ƙafarta take zuwa, kare kuwa hannu ke kawo shi. Sannan ka daina ganin tsoron yarinyar nan kamar shagwaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Na yarda naka yana da allura, amma uwa ba ta ganin katin riga-kafi daga nesa, haƙora take gani. Tunda zancen ya zo: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Baba mai gadi: Ni duk wanda na tare, kalma ɗaya ce: "Ai ba ya cizo." Ban taɓa jin mai cewa nasa yana cizo ba. Mai ladabi ya juya, marar ladabi ya ce nuna mini takardarka. Ba ni da ikon tara, ba ni da ikon kamu, sai usur. Kuma mai igiya shi ke buɗe wa marar igiya hanya, don da na yi magana sai ya nuna mini na gabansa.

Ɗalibar lauya: Anti, don Allah kada a fara saka hotuna. Rana ɗaya za a watsa wanda bai ji ba bai gani ba. Kare ɗan jagoran makaho ba ɗan yawo ba ne, idon mai shi ne. A Amurka dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ta ba irinsa damar shiga inda aka hana sauran karnuka, tambaya biyu kawai aka yarda ma'aikaci ya yi: saboda lalura ake tare da shi? wane aiki aka koya masa? Wata lalurar ba a ganinta a fuska, balle a hoto. A rubuta rana da lokaci a miƙa wa hukumar da ke kula da lambun, ita ke da hurumin tara.

Maman 'yan biyu: Sau uku ina kai ƙara, ƙanwata. Ko amsa.

Sakataren kwamiti: Ƙarar mutum ɗaya tana kwana a aljihun tebur, ta gida talatin ba ta kwana. Mu haɗa takarda ɗaya. Amma in faɗi abin da ba za a so ba: mun hana masu kare nan, ba mu nuna musu ko'ina ba. Tun 1979 aka keɓe wa karnuka filinsu a Berkeley ta Amurka, ba sabon abu ba ne. Kangon da ke bayan katanga fa? A nemi izini a kewaye shi da waya, ƙofarsa daban.

Malamin makaranta: Wato mu saka wa masu karya doka da fili.

Mai kare: Malam, ka kira shi abin da kake so, ni zan kawo waya. Kafin nan ba zan ƙara shigowa ba. Hajiya, a ba 'yar haƙuri, ban lura tana kuka ba. Amma har gobe ina nan kan bakana, dokar ta yi faɗi.

Maman 'yan biyu: Na goge hoton. Sa hannuna kuma sai na ga tsayin wayar.

Baba mai gadi: In an yi filin, wa zai riƙa kwashe kwandon? Ku faɗa tun yanzu, don na san inda zancen zai ƙare.