Lissafin jifa ya hana ni barci, in biya lesin ko a'a?

Ɗan Mafara: Salam 'yan uwa. WAEC na tafe kuma wanga babi na furojektayil, wato lissafin jifa, a fiziks ya ƙi shiga kaina. Misali an buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan, kusurwa digiri 30, wai a nemo inda za ta faɗi. Wani malami ya ce dubu biyar a wata. In biya ko in zauna da tsoffin tambayoyi? Kuɗin na kajin inna ne fa.

Injiniya Gobe: Ƙanena raba gudun biyu kawai. Na sama 20 sau sayin (sine) na digiri 30, wanda rabi ne, wato 10, nauyin ƙasa na rage 10 duk sakan, kenan sakan 1 hawa, 1 sauka. Na gaba 20 sau kosayin (cosine) na digiri 30, wato 17.3 ne, kuma ba ya canjawa, sau sakan 2, mita 34.6.

'Yar Gusau: Dubu biyar? Nan dubu uku muke biya.

Baffa: Mu dubu goma aka karɓa wallahi, har da kuɗin alli.

Mai Haƙuri: Ni kar ma a tuna min. Wata huɗu ina biya, mutumin nan ya sa muka haddace fomula uku kamar karatun allo bai taɓa gaya mana daga ina suka fito ba, ranar jarrabawa sai aka kawo dutsen da aka jefa a miƙe daga kan bene, na zuba fomular nisa da digiri sifili ta ba ni sifili. Haka na zauna ina kallon silin. Ashe fomular ta wanda ya tashi ya sauka a daidai tsayi ɗaya ce. Da na koma masa cewa ya yi ban yi addu'a ba.

Sarkin Baushe: Ku zo gona korar tsuntsaye, sati ɗaya za ku gane digiri 45 ya fi nisa, kyauta 😂

Baffa: Injiniya, kai da ke aji ɗaya a jami'a har ka fara fatawa?

Injiniya Gobe: Baffa duba lissafin, in da kuskure ka nuna.

'Yar Gusau: Mi ya kai mu lesin tun farko? Makarantarmu ɗan bautar ƙasa ke koyar da fiziks, yana gama shekararsa aka bar mu zango guda ba kowa.

Mai Haƙuri: Ku kun ma samu. Mu malamin lissafi ke leƙo mu in ya ga dama.

Ɗan Mafara: To ni dai in sayar da kajin ko?