Ramata ta yi fure tun ba ta kai gwiwa ba

Maman Biyu: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Rama na shuka a buhuna a bayan gidanmu nan Anguwar Rogo ƙarshen Satumba, ko gwiwa ba ta kai ba ta fara fure, wasu sun miƙe wasu kamar an danne su, ganyen kwaɗo ɗaya ma ban samu ba. Irin jabu mutumin nan ya sayar min, Allah ya isa.

Ɗan Kasuwa: Haba Hajiya, jabu kuma? Iri ne fa ba turare ba, wa zai zauna ya ƙera ƙwayar rama? Komai ya lalace sai a ce ɗan kasuwa, ku ji tsoron Allah.

Baba Manomi: 'Yata kin makara ne. Rama tana bin tsawon yini, da yini ya gajarta wajen Oktoba za ta yi fure ko babba ce ko ƙarama. Mu Mayu ko Yuni muke shukawa ta samu damina ta yi ganye. Ga buhu yana matse saiwa, na jikin katanga kuma inuwa ce ta hana su, sannan in kin sa kashin kaji bai ruɓe ba ƙona su yake.

Anti Mai Zoɓo: Baba da girmanka amma akwai jabu. In aka gauraya tsohon iri da sabo aka auna maka a gwangwani, sunansa me?

Ɗan Kasuwa: Sunansa gauraye! Jabu daban gauraye daban, a koyi Hausa tukuna.

Anti Mai Zoɓo: Kai ne za ka koya min Hausa? A Jos aka haife ni, kuma ba wanda ya faɗi sunanka ka zaburo, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ɗalibi: Ni dai maƙwabcinmu ya taɓa ganin ramarmu ya rantse wiwi ce don ganyen mai yatsu, har ya ce zai kira NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Ɗan Kasuwa: Ina ruwanmu da maƙwabcinka, ta janye kalmar jabu kawai.

Maman Biyu: Ba zan janye ba, kuɗina na bayar ba roƙo na yi ba, kullum safe da yamma ina ban ruwa cikin sanyin nan yara suna tambayata yaushe za a ci.

Baba Manomi: Ba wanda ya tambaye ta buhu nawa ne ma, ko wane gefe rana ke fitowa.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta yawancinmu mun yarda masu iri suna cutar mutane, ni ma bara haka aka yi min da irin latas, kuma Ɗan Kasuwa bai kawo hujja ko ɗaya ba sai faɗa. Baba ya yi maganar lokacin shuka, wannan sai wani jiƙon. Yaya Maman Biyu ki riƙe sauran irin ki mayar wa wanda ya sayar miki gobe. Na rufe.