Wa kuke biya ya kula muku da sabar, kuma me rabuwa da shi ta ci muku?

Daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya, kuma sabar ɗinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, tana aiki da manhajar Linux mai tafiyar da ita da manhajar PostgreSQL mai adana bayanai, waɗanda ba mu biya ko riyal ɗaya na lasisinsu ba. Maigidana yana so mu ƙulla kwangilar shekara uku da wani kamfani da zai riƙa kula da ita saboda rangwamen da aka yi masa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan yarjejeniya su faɗa mana abin da suka gani.

Daga Makka:
Wa alaikumus salam, Malam. Ofishinmu na hidimar alhazai ne, kuma muna kan CentOS 8, wani nau'in Linux, lokacin da aka sanar, a Disamba 2020, cewa za a daina sabunta ta a ƙarshen 2021 maimakon 2029. Da muka nemi kamfanin da ke kula mana ya mayar da mu kan Rocky Linux, sai suka ce ƙaura ba ta cikin kwangila. Mun so mu nemi wasu, amma kalmomin sirri da ajiyar bayanai da duk tsarin da aka yi wa na'urar suna hannunsu, kuma babu takarda ɗaya da aka rubuta yadda aka haɗa su, don haka duk wanda muka tuntuɓa sai ya ƙi yanka farashi a kan abin da bai gani ba. Lokacin aikin Hajji ya matso, dole muka biya yadda suka ce. Kada ka sa hannu sai an rubuta cewa waɗannan abubuwa mallakinku ne, kuma za a miƙa muku su duk ranar da kuka nema.

Daga Riyad:
Ni dai, Alhaji, ban yi da-na-sanin biyan kuɗin tallafi ba. Muna kan Ubuntu, ita ma nau'in Linux ce, wadda ake sabunta fitowarta mai dogon zango kyauta na shekara biyar, tsarin Ubuntu Pro da muke biya kuma ya kai ta shekara goma. Da yake dala tana tsaye a kan riyal 3.75, canji bai dame mu ba, sai dai a tuna da harajin VAT na kashi 15 cikin 100, da kuma cewa kuɗin yana ƙaruwa da kowace sabar da aka ƙara. A kuma duba ranakun aiki da kyau, domin Lahadi ranar aiki ce a nan, alhali kamfanonin Turai suna hutu.

Daga Madina:
'Yar'uwarmu ta Riyad ta yi gaskiya a kan Lahadi. A Wad Madani na fara wannan aiki, zamanin takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan daga 1997 zuwa 2017, lokacin da sayen tallafi daga kamfanonin can bai yiwuwa, sai muka rungumi Debian, wani nau'in Linux na kyauta, muka koya da kanmu. Hakan ma yana da nasa haɗarin, domin a wurin da nake yanzu injiniya ɗaya ne ya san komai, kuma da ya sami aiki a Dammam mun sha wuya ƙwarai. Shawarata, Malam, ku ɗauki shekara ɗaya tukuna ko da rangwamen zai ragu, ku sa sharaɗin su koyar da ma'aikatanku biyu, sannan ku gwada dawo da bayanai daga ajiya a gabansu kafin biya na biyu.