Filtar iska ta kamfani ko ta leda? Ga hunturu ya shigo

Baban Hauwa (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Yau da safe na kai Corolla ɗita ƙirar 2006 sabis, yaron gareji ya buɗe eya kilina, wato akwatin da filtar iska take zama a ciki, ya zaro filtar, ta yi jajur da ƙura kamar daga rami aka tono ta. Na je shago aka fito mini da kala biyu, ɗaya a kwalin Toyota, ɗaya a leda ko suna babu. Kuɗin ta kwalin zai sayi ta ledar huɗu har da canji. Na jujjuya su, a ido dai duk takarda ce da roba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san halin da aljihu yake ciki. Ta kamfanin nan ta ci kuɗinta kuwa, ko suna kawai ake sayar mana?

Direban Jega: Wa alaikumus salam. Yaya, ɗauki ta leda ka kama gabanka. Sharan nake ja, Jega zuwa Yauri ta Koko, kusan kullum ina kan hanya. Duk sabis biyu nake jefar da tsohuwa in sa sabuwa. A wanga ƙasa tamu ko filtar zinariya ka sa, wata biyu na hazo ya ishe ta toshewa. To mi za ya sa in zuba kuɗi ga abin da ba zai kai bazara ba?

Oga Makanike (Argungu): Direba, rabin maganarka gaskiya ce, yawan canji yana da kyau. Amma bari in gaya wa Baban Hauwa abin da ido ba ya gani a shago. Kafin inji ya ƙona lita 1 ta fetur, sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000, kuma duk ta cikin takardar nan take bi. Ƙurarmu kuwa garin yashi ce, ta fi ƙarfen silinda tauri. In ta sami hanya ta shiga, sai ta haɗu da baƙin mai ta riƙa gugar ringi, wato zoben fistin, da jikin silinda a hankali, ba ƙara ba alama. Ranar da za ka sani ita ce ranar da mota ta fara shanye baƙin mai tana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa. Daga nan sai maganar sauke inji.

Abu uku nake dubawa in an kawo mini filta. Na farko robar gefe, wadda a wurina ta fi takardar ma muhimmanci. Ka matsa ta da yatsa, in ta lotsa ta dawo, to za ta zauna daram a akwatin. In ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ko tsawonta ya gaza da ɗan kaɗan, iska za ta bar takardar ta bi ta gefe, don iska hanya mai sauƙi take nema. Sai ninkin takardar: ka ƙirga su ka gwada da na tsohuwar da ta zo da motar. Masu araha suna rage ninki don su rage takarda, shi ya sa suke saurin cika. Sannan ka ɗaga ta sama ka haska da fitilar waya. Haske ya kamata ya fito bai ɗaya. In ka ga wasu ɗigo-ɗigo masu haske sosai, ko gam ɗin da ya riƙe takardar ya saki a kusurwa, ajiye musu kayansu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Maman Khalifa: Oga Allah ya saka da alheri, amma ni abin da ya same ni daban ne. Bara na biya kuɗin orijinal cif, kwali da tambari da komai. Bayan wata uku da maigida ya buɗe, takardar ta ɓalle daga robar ta gefe ɗaya, ta lanƙwashe ciki. Na sa yatsa a bututun da ke bayan filtar, ya fito da ƙura laushi kamar hoda. Raina ya ɓaci matuƙa, don ga kuɗi sun tafi ga injin ya sha ƙasa. Kwalin na gaske ne ko bugawa aka yi, Allah masani.

Alhaji mai sifiya: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ita ce babbar matsalar sana'armu, kuma ba zan ɓoye ba. Buga kwali ya fi yin filta sauƙi. Shekaru na yi ina saro kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano, abokan ciniki na ƙwarai su da kansu za su ce maka wannan na ɗaya ne, wannan na biyu, wannan na uku, kai ka zaɓa. Matsala tana zuwa ne in mai shago ya sayi na uku ya sayar da kuɗin na ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, masu ƙera mota yawanci wasu kamfanoni ne ke yi musu irin waɗannan kaya. Denso na cikin manyan masu yi wa Toyota. Motocin Jamus irin su Golf da Sharan, Mann-Filter da Mahle ne suka shahara a kansu. Peugeot kuma ka nemi Purflux ta Faransa. In ka sami ɗaya daga cikinsu ta gaske a kwalinta, aikinta bai bambanta da ta kamfani ba, kuɗinta kuma ya fi sauƙi. Ni ita nake fara nuna wa mutum. Baban Hauwa, ka duba jikin tsohuwar taka, filtocin iska na Toyota lambarsu da 17801 take farawa, sauran lambobin su ne ke bambanta mota da mota. Ka tafi da lambar ko da filtar kanta, kada ka yarda da "ai duk Corolla ɗaya ce".

Direban Jega: Alhaji, ai su ma waɗannan sunaye ana buga jabunsu.

Alhaji mai sifiya: Ana bugawa ƙwarai. Shi ya sa nake cewa mutum ya riƙe shago ɗaya da ya san mai shi, wanda in kaya suka ba da matsala zai iya dawowa ya same shi. Kuma in aka ce maka orijinal ce amma kuɗinta ya yi kusa da na ta leda, kai ma ka san amsar.

Malamin Aliero: Ina da ƙari a kan batun mai, don na ji ana cewa filta mai tsada tana rage shan fetur. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta a toshe. A motoci masu injekta shan mai bai canza wani abin kirki ba, saboda kwamfutar motar tana auna iskar da ta shigo ta ba da mai daidai da ita. Abin da ya ragu shi ne ƙarfin ja, ka taka totur mota ta yi nauyi. Mai kafireto ce ta ƙara shan mai. Don haka Baban Hauwa, kada ka saya da tunanin za ka fanshe a gidan mai. Lafiyar injin kake saya.

Ɗan Kamba: Ni fa ban taɓa sayen sabuwa ba sai ta yage. Wurin mai faci nake kai ta ya hure da iska.

Oga Makanike: Ƙanena, wannan hurawar ta kashe filtoci da yawa a gabana. Yaron faci yakan manna bakin tiyo a jikin takardar ya sake iska gaba ɗaya, ta yi fes a ido, alhali ya huda ta. In dole ne sai an hura, a yi daga ɓangaren da yake da tsabta zuwa waje, daga nesa, da iska kaɗan, kuma sau ɗaya ko biyu a rayuwar filtar. Ruwa ko fetur kada su taɓa ta takarda. Kuma a goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan laima kafin a mayar, don na sha ciro yashi da ƙaiƙayin shinkafa cike da tafin hannu a motocin masu zuwa injin casa.

Ɗan Kamba: To ita wadda ake wankewa fa, irin ta kamfanin K&N? Wani abokina ya ce sau ɗaya ake saye.

Oga Makanike: Auduga ce da ake shafa wa mai nata na musamman. Tana barin iska ta wuce sosai, amma a ƙurarmu ban ba ka shawara ba. In man ya bushe ƙura mai laushi za ta ratsa, in kuma ya yi yawa sai ya ɓata na'urar auna iska da ke bayan akwatin, wadda muke ce wa eya fulo. Kuɗin wannan na'urar kaɗai ya fi na filtoci da yawa.

Direban Jega: Oga na ji. Gobe in na sauke fasinja zan sa yatsa a bututun kamar yadda Hajiya ta yi. In na ga ƙura zan canza layi, in ban gani ba ina nan kan tawa.

Oga Makanike: Haka ya dace. Ba kowace mai araha ce lalatacciya ba, bututun ne zai ba ka shaida.

Baban Hauwa: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yanzu na fita na buɗe bonet da fitila. Bututun akwai ƙura kaɗan, kuma na tarar kilif ɗaya na murfin akwatin ya karye, an ɗaure wurin da waya, murfin bai zauna ba ta gefen. Ban san tun yaushe yake haka ba.

Oga Makanike: To fara da wannan, don ko ta kamfani ka sa a haka ƙura za ta shiga. Ka nemi kilif ko murfi ɗan Beljiyam wurin masu kayan tsofaffin motoci, ka sa a cire bututun a goge, a fesa wa eya fulo maganinta kada a taɓa ta da hannu. Sannan ka sa filtar.

Alhaji mai sifiya: Turo mini hoton lambar ta bayan fage, in duba ko akwai Denso a kayan da za su iso ranar Laraba.

Baban Hauwa: Ga shi nan na turo, Alhaji. Kafin Laraba motar ba za ta bar cikin gari ba.