Shawarwarin Masu Dawaki a Zariya Kan Horar da Doki da Lada

A tattaunawar masu dawaki gabanin hawan sallah, yawancinsu sun yarda cewa doki ya fi saurin koyon ladabi idan aka ba shi 'yar dusa ko aka sosa masa wuya nan take, domin jinkirin daƙiƙu kaɗan ma yana hana shi gane abin da ya jawo ladar. Dattawan cikinsu sun gargaɗi yaran barga kada su ba dokin da ke tura baki cikin aljihu lada, sai ya kawar da kansa, in ba haka ba cizo zai koya. Haka ake sabar masa da ƙarar tambari da bindiga, daga nesa tukuna. Dokin da ya warke daga ɗingishi kuwa, a fara jansa da ragama bayan likitan dabbobi ya duba shi, kafin a koma kilisa.